Sunan da ke Ƙarƙashin Takalmi: Bitar Fim ɗin Toy Story 2

A tsakiyar fim ɗin Toy Story 2 akwai wani wuri da kusan ba a cewa uffan. Wani tsoho mai gyaran kayan wasa ya shigo da akwatin aikinsa, ya zaunar da Woody, abin wasa mai siffar kaboyi, a kan 'yar kujera, ya ɗaura masa ƙyalle a wuya kamar wanda ya zo aski. Ya goge masa idanu da auduga har suka ɗauki ƙyalli, ya fesa fenti a inda kansa ya koɗe, ya zura zare a allura ya mayar masa da hannun da ya guntule. Duk mai son ganin gwani a bakin aikinsa zai ji daɗin wannan wuri. Can a ƙarshe sai tsohon ya ɗaga ƙafar Woody, ya ga haruffa huɗu da wani yaro ya rubuta a ƙarƙashin takalmin, wato sunansa, Andy. Ya tsoma buroshi a fenti. Shafa ɗaya ya yi, sunan ya ɓace.

Daga nan Woody ya koma sabo fil, kuma ya zama ba na kowa ba. Na kalli fim ɗin nan a ƙuruciya, na sake kallonsa yanzu da nake da 'ya'ya, kuma duk lokacin da buroshin nan ya bi ta kan sunan sai na ji wani abu ya tsaya mini a maƙogwaro. A ganina duk abin da fim ɗin yake so ya faɗa game da kewar yarinta yana cikin wannan shafa ɗaya. Mutum kan girma, ya waiwayi abin wasansa na da, ya so ya same shi tsaf kamar ranar da aka saye shi. Amma abin da yake kewa ai ba ya cikin sabuntar. Yana cikin tabon, da ɗinkin, da sunan da aka rubuta da karkataccen hannu.

Kamfanin Pixar ya fitar da fim ɗin a watan Nuwamba na 1999, shekara huɗu bayan na farko, wanda shi ne dogon fim na farko da aka zana kacokan da kwamfuta. John Lasseter ne ya ba da umarni, Ash Brannon da Lee Unkrich suka dafa masa. Da farko ma ba don silima aka shirya shi ba, kaset kawai aka yi niyyar bugawa a sayar. A 1998 wani kuskure a na'urorin kamfanin ya share mafi yawan aikin, sai aka tsira da kwafin da wata ma'aikaciya, Galyn Susman, ta ajiye a gida saboda tana jego. Bayan an sha wannan da ƙyar, su da kansu suka duba labarin suka ga bai yi ba, suka rushe shi suka sake gini a cikin wata tara ko makamancin haka. Ban ga alamar wannan gaggawa a jikin fim ɗin ba, sai fa a ƙarshensa, kuma zan zo kan wannan.

Labarin ba shi da sarƙaƙiya. Hannun Woody ya yage a wajen wasa, sai Andy ya tafi hutu ya bar shi, uwar ta ɗora shi a kan kanta inda ƙura take. Ana cikin haka ta baje tsofaffin kaya a ƙofar gida don sayarwa, kamar yadda Amurkawa kan yi. Woody ya fita ceton wani tsuntsun roba da aka jefa cikin kayan, sai wani mai kantin kayan wasa, Al, ya gan shi, ya taya, aka hana shi, ya sace. A gidan Al ne Woody ya gano asalinsa: ashe shi tauraron wani shirin talabijin ne na shekarun 1950, na 'yan tsanar da ake motsawa da zare, baƙi-da-fari. Akwai hotonsa a jikin faranti da akwatin abinci da faifai. Kuma ga abokan shirin nan uku suna jiransa: Jessie, da doki Bullseye, da tsohon mahaƙin zinariya Stinky Pete wanda ba a taɓa buɗe kwalinsa ba. Wani gidan adana kayan wasa a Tokyo zai saye su, amma sai in sun cika huɗu.

Da Woody ya tambayi dalilin da ya sa aka tsayar da shirin ana tsaka da labari, amsar Pete ita ce Sputnik. Ya ce tun da 'yan sama jannati suka tashi, yara suka daina kallon komai sai kayan wasan sararin samaniya. Wanda ya kalli fim na farko ya san Woody ya ɗanɗani wannan a ɗakin Andy, ranar da ɗan sama jannatin roba Buzz Lightyear ya sauka a kan gado da fukafukai da fitilu, aka ture uwargida gefe don amarya ta zo. A fim na farko kishi ne na ɗaki guda. A na biyu sai aka nuna cewa abin ya taɓa faruwa ga zamani sukutum.

Tarihi bai tafi daidai da yadda Pete ya faɗa ba, kuma ya kamata a ce haka. Tarayyar Sobiyat ta harba Sputnik ranar 4 ga Oktoba 1957, amma kaboyi bai mutu a wannan dare ba. A 1959 shirye-shiryen kaboyi da ake nunawa da dare a talabijin na Amurka sun haura ashirin, a shekarar ce ma aka fara Bonanza, Gunsmoke kuwa ya ci gaba har 1975. Mu ma nan gidajen silima sun daɗe suna haska kaboyi bayan an sauka a duniyar wata. Sai dai ban ɗauki wannan a matsayin laifin fim ɗin ba. Wanda aka yasar yakan so ya sami rana guda da zai nuna ya ce ga inda aka cuce ni, Pete kuma haka yake. Gaskiyar da ke cikin maganarsa ita ce zazzaɓin sararin samaniya ya kama duniya da gaske. Yuri Gagarin ya zagaya duniya a watan Afrilu na 1961, John Glenn ya bi sahu a Fabrairun 1962, kuma cikin tashoshin da hukumar NASA ta kafa don bin sawun kumbon Glenn har da guda a Kano. Kalmar da Hausa ta raɗa wa mutanen nan, 'yan sama jannati, har yau tana ɗauke da mamakin wancan lokaci.

Masu kamfanin kayan wasa ba su yi barci ba. A 1964 Hasbro ya fito da G.I. Joe, sojan roba mai tsawon kusan santimita 30, aka ƙirƙira masa sabon suna na jinsi don kada a ce yaro namiji yana wasa da 'yar tsana. Ba a jima ba aka ɗinka masa rigar ɗan sama jannati mai ruwan azurfa, aka yi masa kumbo irin na shirin Mercury na NASA. Amma wanda ya fi zama a zuciyar yaran wancan zamani shi ne Major Matt Mason, na kamfanin Mattel, da ya fito a 1966. Ɗan ƙarami ne, tsawonsa kamar santimita 15, farar riga, baƙaƙen gaɓoɓi masu zobe-zobe, da kwalkwalin da ake cirewa a mayar. Jikinsa roba ce, a ciki kuma waya, don a lanƙwasa shi yadda ake so. Ba jarumin tatsuniya ba ne mai yaƙi da dodanni tun asali, ma'aikaci ne da ke zaune a duniyar wata, kuma an kwaikwayi kayansa daga zane-zanen da masana ke yi a lokacin. Yana da tasha mai hawa-hawa, da wata mota mai ƙafafu da ke rarrafe da batir. Abokansa kowa da launin rigarsa: Sgt. Storm ja, Doug Davis rawaya, Jeff Long shuɗi. Jeff Long baƙar fata ne, kuma yara sun riƙe shi a hannu shekaru fiye da goma kafin Guion Bluford ya zama Ba'amurke baƙar fata na farko da ya je sararin samaniya a 1983.

Wayar nan ta ciki ita ce lagonsa. In aka yawaita lanƙwasa gwiwa ko gwiwar hannu sai ta karye a cikin robar, hannun ya saki, ba ya kuma tsayawa. Fentin rigar ma yakan ɓare da gumin tafin hannu. Saboda haka duk Matt Mason da ka gani yau da gaɓoɓinsa lafiya lau, to ba a yi wasa da shi sosai ba. Wanda aka so da gaske, shi ne mai karyayyen hannu. Masu tara kayan da suna biyan kuɗi mai tsoka a kan na farkon, na biyun kuwa sai a haɗa shi da tarkace. Kasuwar tana sa farashi mafi tsada a kan wanda ya fi kowa rashin gata. Wannan shi ne Stinky Pete a cikin kwalinsa, kuma wannan ne ya sa nake ganin marubutan fim ɗin sun san abin da suke magana a kai daga ciki.

Sun san shi kuwa, domin yarintarsu ce. An haifi Lasseter a 1957, shekarar Sputnik. Tom Hanks, mai muryar Woody, an haife shi a 1956, yana ɗan shekara goma Matt Mason ya shigo kanti, kuma ya sha faɗin irin son da ya yi masa, har ya yi ta ƙoƙarin a yi fim a kansa. A shekarar da Toy Story na farko ya fito, 1995, shi ne ya fito a matsayin ɗan sama jannati Jim Lovell a fim ɗin Apollo 13. Wato muryar kaboyin da aka ture, muryar ɗaya daga cikin yaran da suka ture shi ce. Ina jin wannan a yadda yake magana: babu ƙiyayya ga Buzz a muryar, sai dai tsoron a manta da shi.

To amma abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Neil Armstrong da Buzz Aldrin sun taka duniyar wata a watan Yuli na 1969, kuma daga sunan Aldrin aka samo na Buzz Lightyear. Bayan an cimma buri sai zumuɗin ya fara sanyi. A farkon shekarun 1970 Mattel ya daina yin Matt Mason, tun kafin Apollo 17 ya rufe tafiye-tafiyen a Disambar 1972. Da kayan wasan sararin samaniya suka dawo da ƙarfi a 1978, na Star Wars ne, na takubban haske da sarakunan mugunta, ba na ma'aikaci mai farar riga ba. Ɗan sama jannatin da ya kori kaboyi shi ma ya koma kayan da.

Toy Story 2 bai faɗi wannan da baki ba, nunawa ya yi, a wurin da na fi so bayan na tsoho mai gyara. Buzz ya jagoranci abokansa zuwa kantin Al neman Woody, sai ya ratse shi kaɗai ya faɗa wani layi. Ya ɗaga kai. Daga ƙasa har rufi, hagu da dama, Buzz Lightyear ne ɗaruruwa, kowanne a kwalinsa mai siffar kumbo, fuska ɗaya, murmushi ɗaya, babu mai motsi. A fim na farko ya gano cewa shi abin wasa ne ta hanyar tallar talabijin, har ya gwada tashi ta taga ya faɗo hannunsa ya cire. A nan ya ga yawansa da idonsa. Bai gama mamaki ba sai ya hangi wanda aka kafa a sama don talla, da sabuwar ɗamara wadda shi ba shi da ita. Shekara huɗu kacal, har an yi wanda ya fi shi. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya, kuma fim ɗin ya bar mai kallo ya gane haka da kansa.

Sabon Buzz ɗin yana nan da ruɗun da tsohon ya warke daga gare shi, ya yi imani shi jami'in tsaron sararin samaniya ne na gaske. Ya kama namu ya ɗaure a kwali, ya bi abokan a matsayinsa. Tim Allen ya yi muryoyin biyu, kuma kunne yana rarrabe su: ɗaya cike da ƙasaita, ɗaya ya yi laushi irin na wanda ya zauna da mutane. Da suka haɗu gaban abokan, kowa na cewa shi ne, hujjar da ta raba gardama ba fukafuki ba ce, ba fitila ba. Namu ya ɗaga ƙafa, ga sunan Andy a ƙarƙashin takalmi. A cikin ɗaruruwan da suka fito daga injin guda, abin da ya sa ɗaya ya zama wani shi ne tawadar yaro. Marubutan sun ajiye wannan kusa da wurin da aka shafe sunan Andy daga takalmin Woody, kuma ba su sa kowa ya tsaya yana yi mana bayani ba.

Ni ban taso da Matt Mason ba. Mu motar kara muka sani, da ta langa-langa, da ta waya mai dogon sitiyari, 'yan'uwanmu mata kuma da 'yar tsana. Amma akwai shekarar da kawuna ya sayo mini wani ɗan sama jannati na roba daga tulin kayan wasan gwanjo, irin waɗanda kan zo a dila tare da tufafi. Gilashin kwalkwalinsa ya riga ya ɓata, farar rigar ta koma ruwan ƙasa-ƙasa. A tafin ƙafarsa akwai haruffa uku da biro, sun dushe amma suna karantuwa. Na daɗe ina tunanin yaron da ya rubuta su, a wace ƙasa yake, me ya sa ya rabu da shi. Ban goge su ba. A ɗaya ƙafar na rubuta nawa. Na ƙera masa kumbo da gwangwanin madara, na riƙa ɗaga shi sama ina gudu a tsakar gida. Don haka in Amurkawa na kallon fim ɗin nan daga ɓangaren wanda ya zuba kayansa a kwalin sadaka, da yawanmu muna kallonsa daga ɓangaren wanda kwalin ya iso gare shi.

Wannan ya sa labarin Jessie yake taɓa ni ta wata fuska dabam. A cikin minti uku ko ƙasa da haka, da waƙar da Randy Newman ya rubuta Sarah McLachlan ta rera, aka nuna rayuwarta da wata yarinya, Emily. Suna lilo a gindin bishiya a kan tudu, hasken rana ruwan zuma. Sai Jessie ta faɗa ƙarƙashin gado, kuma daga can muke ganin shekaru suna wucewa: hotunan dawakai sun bar bango, kayan kwalliya da faifan waƙa sun maye gurbinsu. Ran da hannun Emily ya lalubo ta, Jessie ta ɗauka an dawo ke nan. Aka sa ta a mota, aka ajiye ta a kwalin sadaka a bakin hanya, kusa da bishiyar nan. Ba a taɓa nuna fuskar Emily sosai ba, kuma ba a mai da ita azzaluma ba. Girma kawai ta yi. Wannan adalcin shi ne ƙarfin wurin, domin da an ba mu wanda za mu zarga da zafin ya ragu. Joan Cusack kuma ta ba Jessie wata irin murna mai yawa wadda kana ji ka san tsoro ne a ƙarƙashinta, tsoron komawa cikin duhun akwati.

Bayan wannan, zaɓin da ke gaban Woody ya zama na gaske, abin da ba kasafai fim ɗin yara ke yarda ya yi ba. Ko ya tafi Tokyo ya zauna bayan gilashi, yara na wucewa suna kallonsa har abada, ba mai yaga shi, ba mai yasar da shi. Ko ya koma wurin Andy ya sami 'yan shekaru, ya san ƙarshensu. Pete ya tambaye shi ko yana zaton Andy zai tafi da shi jami'a, kuma babu amsar da za ta ƙaryata shi. Woody ya zaɓi Tokyo, ni kuma ban ga laifinsa ba. Buzz ne ya zo ya tuna masa abin da shi Woody ya koya masa a fim na farko, cewa shi abin wasa ne, an yi shi don hannun yaro. Ɗan sama jannatin da ya taɓa ɗaukar kansa ya fi ƙarfin ɗakin yara, yau shi ne mai kare darajar ɗakin. Bayan sun tafi, Woody ya zauna, ya sa babban yatsa ya murje fentin da tsoho ya shafa, sunan ya sake bayyana.

A nan ne kuma nake da ƙorafi. Da Woody ya canja shawara, sai fim ɗin ya mai da Pete mugu: ya fito daga kwalinsa, ya ɗaure ƙofar da za a gudu, daga baya ma ya sake yage hannun Woody. Na fahimci dalili, ana bukatar abokin gaba don a yi tsere a filin jirgin sama. Amma hujjar Pete ba ta bukatar mugunta, kuma mai da shi mugu ya ba mai kallo damar watsar da ita cikin sauƙi. Wanda ya shekara da shekaru a kan kantar shago yana kallon ana sayen kowa ana barinsa ya cancanci a saurare shi har ƙarshe. Kelsey Grammer ya yi muryarsa da taushin kaka mai ba da shawara, har na so a ce an bar shi a haka, mai gaskiya a rabi, wanda aka rabu da shi cikin baƙin ciki. Tseren filin jirgin yana da daɗin kallo, an tsara shi da kyau, sai dai irinsa ne ake gani a ƙarshen fina-finai da yawa. Haka ma wasan da aka yi da Zurg, abokin gaban Buzz, inda ya ce shi ne uban Buzz: kwaikwayon The Empire Strikes Back ne na 1980, kuma yarana da ba su san wancan ba sun kalle shi ba su ga abin dariya ba.

Shi ma Al an yi masa rashin adalci, ko in ce an yi wa masu tara kayan da. An zana shi ƙazami, mai haɗama, maƙaryaci, ba ya ganin komai a jikin Woody sai kuɗi. Akwai irinsa, babu musu. Amma mafi yawan masu neman tsohon Matt Mason a kasuwannin intanet ba 'yan kasuwa ba ne, dattawa ne da ke neman abin da aka zubar musu ranar da aka share ɗaki. Ba don su ba, da yawancin kayan nan sun ƙare a juji, da ba mu san yadda yaran 1966 suka yi mafarkin wata ba. Hausawa na cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma akwai gaskiya a ciki, amma ban yarda duk mai waiwaye mara lafiya ba ne. Fim ɗin da kansa ai aikin masu waiwaye ne. Dubi irin ƙaunar da aka zuba wajen ƙirƙiro shirin Woody na baƙi-da-fari, da zarurrukan da ake gani, da faifai, da akwatin abinci. Wanda ya zana waɗannan ya san daɗin tara kaya. Tsoho mai gyara ne kaɗai aka bari ya wakilci wannan ɓangare da mutunci.

Akwai kuma abin da mai kallo babba ba zai kasa lura da shi ba. Fim ɗin da ke cewa darajar abin wasa tana hannun yaro, shi ne kuma ya cika kantunan duniya da Buzz. Bayan fim na farko 'yan kasuwa ba su yi odar da ta isa ba, iyaye suka yi ta neman Buzz babu, har Barbie mai zagayawa da baƙi a kantin Al ta ambaci wannan. Layin nan mai ɗaruruwan kwalaye gargaɗi ne, kuma talla ne. Ban ga yadda za a raba su ba, kuma na fi girmama fim ɗin da ya nuna layin a fili a kan wanda zai ɓoye shi.

Shi Buzz na gaske ma ya bi hanyoyin nan biyu. A 2008 aka sa wani Buzz na roba mai tsawon kusan santimita 30 a kumbon Discovery, ya je tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, ya yi kimanin wata goma sha biyar yana shawagi tare da 'yan sama jannati, ya dawo a watan Satumba na 2009. Abin wasan da ya karye hannu wajen gwada tashi ta taga ya zagaya duniya dubban sau. A 2012 aka miƙa shi ga gidan tarihin jirage da kumbuna na Smithsonian a birnin Washington, ya shiga cikin kayan da ake adanawa. Na yi murna da an adana shi, domin ya zama shaida. Amma da za a tambaye ni wanne ya fi tashi, shi ko wanda na riƙa ɗagawa a tsakar gidanmu cikin gwangwanin madara, ba zan yi saurin amsawa ba.

Hoton fim ɗin ya ɗan tsufa a wasu wurare. Fatar mutane da gashin kare ba su kai na yau ba. Amma roba da ƙyalle da fenti, waɗanda su ne jikin taurarinsa, suna nan daram, kuma ƙurar da ke kan kantar da aka ajiye Woody har yau kamar ka sa yatsa ka shafo. A ƙarshe Andy ya dawo ya tarar da Jessie da Bullseye a ɗakinsa, ya rubuta musu sunansa su ma. Hannun Woody da Pete ya yage, Andy ne ya ɗinke shi da kansa. Ya cusa auduga ta yi yawa, dantsen ya kumbura ya fi ɗayan, zaren ya fito fili ana gani. Ƙaramar 'yata, da muka zo nan, ta ce ɗinkin tsohon ya fi kyau. Na ce mata haka ne, ya fi kyau. Sai ta tashi ta ɗauko 'yar tsanarta mai ido ɗaya, ta ce in ara mata biro.